Maganin da ke Kama Guba: Daga Oxford zuwa Bagega

Tun 1967 da masana'antar siminti ta fara aiki a Kalambaina, mutanen wannan yanki na Sakkwato suka san arzikin da ke cikin niƙaƙƙen dutse. A gabas da su kuwa, a ƙasar Zamfara wadda take cikin Jihar Sakkwato har zuwa 1996, niƙan wani dutsen daban ya jawo ɗaya daga cikin bala'o'in guba mafi muni a tarihin Afirka. Tarihin maganin da aka yaƙi wannan guba da shi yana koya mana iyakar abin da ƙwaya take iya yi wa ƙwaƙwalwar da ta riga ta taɓu.

Asalin maganin daga fagen yaƙi yake. A farkon Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta ji tsoron za a yi mata ruwan wata iska mai guba, Lewisite, wadda ke ɗauke da sinadarin arsenik. Masana a Jami'ar Oxford, ƙarƙashin jagorancin Rudolph Peters, suka haɗa wani magani da aka sani da BAL a 1940. Aikinsa shi ne ya damƙe ƙarfen da ke yawo a jini, ya riƙe shi gam, har jiki ya fitar da su tare. Sai dai allura ce mai zafi da illoli. A shekarun 1950 masana a ƙasar Sin suka yi amfani da wani ɗan'uwansa mai sauƙi, DMSA, wanda ake iya haɗiyewa, kuma a 1991 Amurka ta amince a riƙa bai wa yaran da dalma ta yi yawa a jininsu.

Dabarar kama guba ta sake fuskantar jarrabawa a birnin Goiania na Barazil a Satumban 1987. Wasu masu tsintar ƙarafa suka shiga wani asibitin daji da aka ƙaurace masa, suka ɗauko injin gashin cutar, suka fasa shi, suka sayar wa mai sayen gwangwan. A cikinsa akwai garin siziyom mai fitar da tururin nukiliya, yana sheƙi shuɗi cikin duhu. Ƙyallin nan ya ruɗi jama'a, aka riƙa rabawa dangi da maƙwabta. An auna mutane kusan 112,000, aka sami gubar a jikin 249, huɗu suka rasu, har da yarinya 'yar shekara shida. Maganin da likitoci suka dogara da shi wani shuɗin fenti ne, Prussian blue, wanda aka fara haɗawa a Berlin a farkon ƙarni na 18. Idan aka haɗiye shi yakan kama siziyom a hanji, ya hana shi komawa jini. Ba tare da shi ba, jiki kan ɗauki kwana kusan 110 kafin ya fitar da rabin gubar. Da shi kuwa, kwana 30 ko kusa da haka. Amma bai iya mayar da ɓargon ƙashin da tururin ya riga ya ƙona ba, kuma sai da aka rushe gidaje aka kwashe ƙasar unguwanni kafin birnin ya zauna lafiya.

Shekara 23 bayan haka, irin wannan darasi ya iso ƙofarmu. A Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan sanƙarau suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka. Tsadar zinare a kasuwar duniya ta sa magidanta suna kawo duwatsu cikin gida, ana dakawa a turmi ana niƙawa a injin hatsi. Duwatsun kuwa cike suke da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Dalma takan tsallaka daga jini zuwa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, ta kumbura ta, sai amai, sai jijjiga, sai suma. Binciken da aka yi a 'Yargalma da Dareta ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda. Jimillar waɗanda aka rasa a jihar ta kai kusan 400.

Da aka fara ba da DMSA, mace-mace suka ragu matuƙa, aka ceci dubban yara. Duk da haka likitocin sun tsaya kan wani sharaɗi mai ɗaci: ba a ɗora yaro kan magani a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da dalma, domin zuba ruwa ne a kwando. Dole kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith su fara kankare saman ƙasar gidaje, a binne ta, a zuba sabuwa. Saboda haka yaran Bagega, gari mafi girma cikin waɗanda abin ya shafa, suka yi jira har 2013, lokacin da gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. Ƙwayar tana nan, fartanya da shebur ne suka makara.

Akwai kuma abin da maganin bai taɓa alkawari ba. Wani gwaji da aka yi a Amurka kan yara 780, aka bayyana sakamakonsa a 2001, ya nuna cewa DMSA ya rage dalmar jini amma bai ƙara musu kaifin fahimta ba. A Zamfara ma an bar iyaye da yaran da suka rayu amma gani ko magana ko tafiya ta gagare su. Sannan a 2015 annobar ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta kashe yara 28.

Goiania da Bagega sun haɗu a wuri guda: talaka ne ya kawo abin da yake zaton arziki cikin gidansa, babu wanda ya gaya masa abin da ke ciki. Sakkwato tana da 'yan gwangwan, tana da masu zuwa haƙar zinare su dawo da ƙura a tufafinsu, tana kuma da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo mai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na'urar auna dalma a jinin yara, da tanadin maganin a kusa, da raba wurin niƙan dutse da wurin kwanan iyali, su ne za su rage yawan yaran da za a kai wannan cibiya bayan ƙwaƙwalwarsu ta riga ta lalace.