Waifai na kyauta a jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York: inda yake kamawa da inda yake yankewa

Kusan duk baƙon da ya sauka a wajenmu a Bronx, daga Nima ya taso ko daga zangon Kumasi, makonsa na farko da layin wayar gida yake yin sa. Layin nan ba ya aiki a Amurka sai da kuɗi mai yawa, kuma kafin a samo masa na nan sai an kwana biyu. A wannan tsakanin ne aka fi ɓata. Mutum ya shiga jirgin da ba nasa ba, ya sauka a unguwar da bai sani ba, ga waya a hannu amma ba halin kiran mai masaukinsa. Sau da yawa kuma a tashar da yake tsaye ɗin akwai intanet na kyauta, bai dai san yadda ake shiga ba. Saboda irin wannan baƙo muka rubuta bayanin nan, da kuma iyayenmu da suka daɗe a garin amma har yau sai sun jira yaro ya taɓa musu waya.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York ya fara aiki tun 1904, kuma hukumar sufuri ta MTA ce ke tafiyar da shi. Yana da tashoshi 472. A cikinsu 281 ne ke ƙarƙashin ƙasa da gaske, sauran 191 a fili suke, galibi a kan gada bisa titi. A riƙe wannan rabon, domin duk maganar waifai a kansa ta rataya. An fara gwajin sa intanet da layin waya a tashoshi shida na unguwar Chelsea a 2011, aka yi ta ƙarawa har aka karaɗe tashoshin ƙarƙashin ƙasa a farkon 2017. Kamfanin Transit Wireless ne ya yi aikin da kuɗinsa, yana maido da abinsa daga kamfanonin waya da masu talla. Shi ya sa ba a karɓar ko sisi daga fasinja. Tun 2023 kamfanin ya koma ƙarƙashin sunan Boldyn Networks, amma sunan da aka san waifan da shi a waya shi ne TransitWirelessWiFi, a haɗe, ba tazara a tsakani.

Yadda ake shiga

Idan ka sauka cikin tasha, ka shiga saitin wayarka, ka kunna Wi-Fi, ka jira sunayen su jeru. Ka zaɓi TransitWirelessWiFi. Ba ya neman kalmar sirri. Bayan ɗan lokaci wani shafi zai buɗe da kansa, wani lokaci da talla a kai, da maɓallin da za ka danna ka amince da sharuɗɗa. Sai ka danna wannan maɓallin ne intanet zai fara aiki. A nan dattawa da yawa suke maƙalewa: sun ga alamar waifai ta fito a saman waya, sun ɗauka an gama, sai saƙo ya ƙi tafiya. Alamar tana nufin wayar ta kama na'urar tasha ne kawai, ba ta nufin an buɗe maka ƙofa.

Idan shafin ya ƙi fitowa, ka buɗe Chrome ko Safari ka nemi kowane shafi, yawanci zai mai da kai can. Idan akwai manhajar VPN a kunne, ka kashe ta tukuna, don takan hana shafin buɗewa. Idan duk bai yi ba, ka sa wayar ta manta da wannan waifan, ka sake zaɓarsa daga farko. Kada ka yi mamaki idan an jima ya sake neman ka danna maɓallin, haka tsarin yake.

Mai layin Gana ya tabbatar ya kashe data ta yawo tun kafin ya bar filin jirgi. In ba haka ba, da zarar waifai ya yanke wayar za ta koma kan layin gida ba tare da ta yi shawara da kowa ba, kuɗin da ke ciki ya ƙone cikin minti kaɗan.

A tasha yake, ba a cikin rami ba

Wannan shi ne abin da ya fi ruɗa mutane. Saƙon waya ba ya ratsa ƙasa da kankare da ƙarfe, don haka sai da aka kafa na'urori a rufin kowace tasha, aka haɗa su da waje ta igiyar intanet. Iyakar ƙarfinsu dandamalin jira ne, da matakala, da wajen biyan kuɗi. Da jirgi ya ja ya shiga rami, an rabu ke nan sai tasha ta gaba. Jirgi kuwa ba ya daɗewa a tsaye, sau da yawa kafin waya ta gama kamawa ƙofa ta rufe.

A ɗauki jiragen da muka fi hawa. D da B suna bi ta ƙarƙashin Grand Concourse, saboda haka tashoshinsu irin su 167 St, 170 St, Tremont Av da Fordham Rd duk suna da waifai. Jirgi mai lamba 4 kuwa, da ya wuce 149 St–Grand Concourse yana hawa sama, daga 161 St har Woodlawn a kan gada yake, galibi bisa hanyar Jerome. Mai layin Amurka ba ruwansa, wayarsa na aiki a fili kamar kullum. Amma baƙon da ya dogara da waifai kada ya sa rai a waɗannan tashoshin na sama. Abin dariyar shi ne a sarari, inda kake ganin rana, nan ne ba ka da hanyar magana, a cikin ƙasa kuma kana da ita. A 161 St ma jiragen biyu suna haɗuwa, 4 a sama, D a ƙasa. Wanda ya rasa hanya a can ya gangara ƙasa ya aika saƙonsa.

Akwai kuma doguwar tafiyar da D da A ke yi ba tsayawa, daga 125 St a Harlem har 59 St–Columbus Circle. Jirgin yana wuce tashoshi bakwai a guje. Za ka ga waya tana ƙoƙarin kamawa tana saki, amma ba abin da zai tafi. Wanda ke son ya sanar da maigidansa a wurin aiki cewa zai makara, ya aika tun yana 125 St.

Shi ya sa kiran murya ko na hoto a cikin jirgi ɓata lokaci ne. Ana cikin gaisuwa, ba a kai ga tambayar mutanen gida ba, sai magana ta yanke, Hajiya a Kumasi ta yi ta “halo, halo” hankalinta ya tashi. Abin da ya dace da wannan waifan shi ne rubutaccen saƙo ko gajeren saƙon murya. Ka rubuta ko ka naɗa tun kana cikin rami, ka danna aikawa, WhatsApp zai riƙe shi da alamar agogo, da an kama a tasha ya wuce da kansa. Hoto da bidiyo masu nauyi a bar su sai an isa gida. Idan kiran ya zama dole, ka tsaya a dandamali ka gama, ka bi jirgi na gaba. A tuna kuma Gana tana gaban New York da awa biyar a lokacin sanyi, awa huɗu a lokacin zafi, don haka wanda ya tashi aiki ƙarfe goma na dare, a gida tsakar dare ce.

A 2022 MTA ta sanar da sabuwar yarjejeniya da kamfanin, ta kusan dala miliyan 600, wadda za a sa layin waya a ramukan duka, tsawon mil 418, a kuma sa waifai a tashoshin sama, cikin shekara goma. An fara gani a wasu wurare, kamar ɗan gajeren jirgin da ke kai da kawowa tsakanin Times Square da Grand Central, wanda raminsa ya samu a 2024. Sai dai a lura, abin da ake sawa a rami layin kamfanonin waya ne irin su AT&T, T-Mobile da Verizon. Wanda ba shi da layin nan ba zai amfana ba, har yanzu tasha ce madogararsa.

Ranar isowa

Wanda zai taso daga filin jirgin JFK shi kaɗai, akwai waifai na kyauta a filin, ya yi amfani da shi ya sanar ya sauka, ya karɓi kwatance. Ƙaramin jirgin AirTrain yana kaiwa wuri biyu. Ta Jamaica ana shiga jirgin E a Sutphin Blvd, tasha ce ta ƙarƙashin ƙasa, da waifai. Ta Howard Beach kuwa, inda ake shiga A, tashar a fili take. Mu dai muna ba baƙo shawarar ya bi ta Jamaica saboda wannan dalili.

Kafin a bar wurin da ke da intanet, a ɗauki hoton kwatancen a ajiye a waya, a kuma rubuta adireshi da lambar mai masauki a takarda a sa a aljihu, don batir ba ya da alƙawari. Taswirar Google Maps da aka sauke don amfani ba intanet tana nuna tituna, amma ba ta faɗa maka jirgin da za ka shiga. Ranakun Asabar da Lahadi, da kuma cikin dare, ana yawan sauya wa jirage hanya saboda gyara, har ɗan gari ma yakan ruɗe. Manhajar MTA tana nuna sauyin, sai a duba ta a dandamali kafin a shiga.

Gargaɗi ɗaya da muke maimaita wa kowa: WhatsApp ɗinka mai lambar Gana zai ci gaba da aiki a kan waifai ko da layin ba ya kamawa. Amma kada ka goge manhajar, kada ka bari wani ya ce zai “gyara” maka ita, kada ka sauya waya a wannan makon. Idan aka sake sa ta, za ta aika lambar tabbatarwa zuwa layin gida, wanda mai yiwuwa ba zai karɓi saƙo a nan ba. Sai ka wayi gari ba ka da lambar kowa, ba ƙungiyar dangi, ba ta masallaci.

Maganar kuɗi da sirri

Waifan da ba ya neman kalmar sirri kamar famfon bakin titi ne, kowa na iya zuwa. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke tun daga wayarka har ta wanda ka aika wa, don haka ba abin tsoro a nan. Manhajojin banki ma suna kulle nasu bayanan. Inda haɗarin yake shi ne waifan bogi. Duk wanda ke da ƙaramar na'ura a jaka zai iya buɗe nasa, ya ba shi suna mai kama da na gaskiya, da bambancin harafi ɗaya ko biyu, ya jira wanda zai shiga. Shafin da zai nuna maka zai nemi lambar katin banki, ko kalmar sirrin imel ko ta Facebook, da sunan wai sai da su za a buɗe maka intanet. Abin kyauta ba ya neman kati. Duk shafin da ya nemi irin wannan, ko ya ce sai ka sauke wata manhaja, ka fita nan take.

A ganinmu, tura kuɗi gida, da shiga asusun banki, da cike takardun shige da fice, duk ba aikin dandamali ba ne. Ba don waifan kaɗai ba. Mutum yana tsaye cikin cunkoso, na bayansa na kallon lambar da yake dannawa, jirgi na tahowa, shi kuma yana sauri. A irin wannan saurin ake kuskuren lamba ɗaya kuɗin makaranta ya tafi wajen wanda ba a sani ba. Ko an bugo daga gida an ce abu na gaggawa ne, rabin awa kafin ka isa ɗaki ba zai ɓata komai ba, kuma zai ba ka damar kira ka tabbatar wanda ya aiko saƙon shi ne da gaske.

Biyan kuɗin shiga ta OMNY, wato ɗora waya ko kati a kan na'urar ƙofa, ba ya bukatar ka shiga waifai tukuna. Mun ga masu tsayawa a bakin ƙofa suna neman intanet kafin su biya, suna tare wa mutane hanya a banza.

Matasan da ke da data a layinsu suna da tasu matsalar. Idan ka taɓa shiga waifan sau ɗaya, wayar za ta riƙa maƙale masa a kowace tasha, ta saki datar da ke aiki lafiya, sai ka ga komai ya tsaya cak. Maganin shi ne ka shiga saitin wannan waifan ka kashe shiga da kai, ka bar shi sai ranar da data ta ƙare.

Sai ladabin wuri. Dokar MTA ta hana kunna sauti a fili cikin jirgi da tasha, wa'azi ne ko waƙar biki ko saƙon muryar ƙungiya, don haka a sayi abin sawa a kunne. A kuma janye daga layin rawaya na bakin dandamali kafin a dubi waya, a riƙe ta da kyau idan ana zaune kusa da ƙofa, domin masu fizge sun fi son daidai lokacin da za ta rufe.

Idan waya ta mutu gaba ɗaya, ko wani abu ya faru, a nemi na'urar Help Point, doguwa mai shuɗiyar fitila a jikin ginshiƙi ko bango. Jan maɓalli na gaggawa ne, kore na tambaya, kuma mutum ne zai amsa. A waje kuma, a manyan tituna akwai allunan LinkNYC da suka maye gurbin tsofaffin wayoyin bakin titi tun 2016. Suna ba da waifai kyauta, ana cajin waya a jikinsu idan kana da igiyarka, kuma ana kiran kowace lambar Amurka ba tare da biyan komai ba. Wanda ya sauka daga jirgi mai lamba 4 a sama ba shi da layi, ya duba titi ko akwai ɗaya kusa, ya ciro takardar nan daga aljihu ya kira mai masaukinsa.