Daga gajimare zuwa ƙwan fitila: yadda rana, iska da maganaɗisu ke samar da wutar Jihar Neja

Kogin Iku, wanda garin Suleja ke zaune a bakinsa a gindin tsaunukan Abuchi, yana cika da damina, ya janye da rani. Irin wannan hawa da sauka ne ke faruwa a manyan tafkunan Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, inda ake samar da wani kaso na wutar lantarkin Najeriya. Darussa uku na kimiyyar firamare da ƙaramar sakandare, wato makamashi, iskar da ke kewaye da duniya da maganaɗisu, su ne ke bayyana yadda ruwan sama ke zama wutar da ke kunna fitila.

Makamashi da siffofinsa

Makamashi shi ne ikon yin aiki: motsa abu, dumama shi ko haskaka shi. Yana zuwa da siffofi da dama, kamar zafi, haske, sauti, motsi da lantarki. Akwai kuma wanda ke ajiye, irin na itacen girki, man fetur, abinci, ko ruwan da aka tare a wuri mai tudu. Ƙa'idar da masana suka tabbatar ita ce, ba a ƙirƙirar makamashi, ba a kuma hallaka shi. Siffa kawai yake sauyawa.

Tushen mafi yawansa rana ce. Tana nesa da duniya da kimanin kilomita miliyan 150, haskenta kuma yana isowa cikin minti 8 da ƴan daƙiƙoƙi. Wannan haske ne ke raya tsirrai, shi ne kuma ke dumama teku har ruwa ya tashi ya zama tururi.

Iskar da ke ɗauko ruwan

Iskar da ta lulluɓe duniya haɗin iskoki ce. Kimanin kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kashi 21 oksijin da ake shaƙa, ragowar kuma ta haɗa da agon da iskar kabon. Tururin ruwa yana ƙaruwa ko ya ragu bisa wuri da lokaci. A sashen ƙasa na wannan lulluɓi, wanda kaurinsa ke kai kilomita 16 zuwa 18 a yankuna masu zafi irin Najeriya, ake samun gajimare, hadari da ruwan sama. A nan zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5 a duk kilomita ɗaya da aka hau.

Manyan iskoki biyu ne ke karɓa-karɓa a sararin Najeriya. Ta farko tana busowa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, ɗauke da danshi. Idan ta tashi sama, ko dai saboda zafin ƙasa ko saboda ta ci karo da tsaunuka irin na kewayen Suleja da Dutsen Zuma, sai ta yi sanyi, tururin ya dunƙule ya zama ɗige-ɗige, gajimare ya haɗu, ruwa ya sauko. Ita ce ke kawo daminar yankin, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Ta biyu tana fitowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, busasshiya mai ƙura. Ita ce iskar hunturu, kuma kaso mai yawa na hazonta yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi.

Ruwan da ya sauka a kan tudu yana riƙe da makamashin da rana ta kashe wajen ɗaga shi. Yayin da yake gangarowa, wannan ajiya ke komawa motsi. Ruwa mai nauyin tan ɗaya, wato lita 1,000, idan ya faɗo daga tsayin mita 100, yana sakin makamashin da ya ɗan haura rubu'in yunit ɗaya na mitar wuta. Shi ya sa ake gina madatsa: a tara ruwa mai yawa, a ɗaga tsayinsa, sannan a sake shi ta bututu zuwa kan farfelar inji.

Aikin maganaɗisu

Farfela na juyawa, amma juyawa kaɗai ba lantarki ba ce. A nan maganaɗisu ke shigowa. Kowane maganaɗisu na da kai biyu, na arewa da na kudu. Kawuna iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. Yana jan baƙin ƙarfe da nikel, amma ba ya jan jan-ƙarfe, alminiyam ko zinariya. Ita kanta duniya maganaɗisu ce, sakamakon motsin narkakken ƙarfe da ke can cikinta, abin da ya sa allurar kamfas ke nuna arewa, har matafiyi ya gane alƙibla.

A 1820 Hans Christian Oersted na ƙasar Denmak ya lura cewa waya mai ɗauke da lantarki tana karkatar da allurar kamfas. A 1831 Michael Faraday na Ingila ya nuna akasin haka: idan aka motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki na gudana a cikinta. A kan wannan binciken aka gina kowane janareta, daga ƙaramin da mai shagon aski ke tayarwa da fetur zuwa na madatsar ruwa. Bambancin yana ga abin da ke juya maganaɗisun.

Tashar Kainji da ke kan Kogin Neja ta fara aiki a 1968, daga baya ƙarfinta ya kai megawat 760. Jebba ta biyo baya a 1985 da kimanin megawat 578. Shiroro da ke kan Kogin Kaduna ta fara a 1990, da injina 4 masu megawat 150 kowane. Zungeru, wadda ita ma ke kan Kogin Kaduna a ƙasan Shiroro, an gina ta da ƙarfin megawat 700. Wannan ne dalilin yi wa Neja kirari da jihar wutar lantarki.

Taransifoma ma da maganaɗisu take aiki. Ita ke ɗaga ƙarfin wutar zuwa bolt 330,000 domin ta yi tafiya mai nisa ba tare da asara mai yawa ba, wasu kuma su sauke shi mataki-mataki zuwa 33,000, sannan 11,000, har zuwa kimanin 230 da ke shiga gidaje.

Abin da yanayi ke yi wa wutar

Tun da ruwan sama ne man waɗannan tashoshi, yanayi na da hannu a yawan wutar da suke bayarwa. Tafkin Shiroro ya dogara da daminar yankin Kogin Kaduna, don haka yana ja baya a ƙarshen rani. Kainji kuwa sau biyu ruwa ke iso mata: na daminar kusa, wanda ake kira farar ambaliya saboda lakar da yake ɗauke da ita, da kuma baƙar ambaliya, ruwan tsaunukan Gini da ke jinkiri a fadamun Mali, ya iso a tsakiyar rani. Idan tafkuna suka cika fiye da kima, dole a buɗe ƙofofi, lamarin da ke jefa garuruwa da gonakin da ke ƙasan madatsun cikin haɗarin ambaliya. Saboda haka hasashen damina da Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa duk shekara ya shafi manomi da mai sarrafa tasha baki ɗaya.

Mafi yawan wutar ƙasar daga tashoshin iskar gas take fitowa, masu amfani da farantan sola kuma suna ƙaruwa. Su ma farantan ba su kuɓuta daga yanayi ba: hazon hunturu na rage hasken da ke isa gare su, ƙurar da ke kwanciya a kansu kuma na rage wutar da suke bayarwa har sai an goge su.