Asiri da Makarinsa: Tarihin Karon Asiri a Wasannin Maza na Ƙasar Katsina

A al'adar Hausawa ta dauri, asiri yana tafiya ne da doka. Duk wanda ya karɓi laya ko guru ko ƙullin magani daga hannun boka ko malamin tsibbu, tare da sharaɗi ake ba shi: abin da ba zai ci ba, inda ba zai shiga da shi ba, da lokacin da zai kwance shi ya ajiye. Masu sana'ar kuma sun haɗu a kan cewa babu asirin da ba shi da makari. Inda wannan fahimta ta fi fitowa fili shi ne wasannin maza, wato kokawa da dambe da tauri da farauta da shaɗin Fulani, domin a nan ne maza biyu suke fuskantar juna, kowa da shirinsa, kuma dole ɗaya ya kai ƙasa. Daga nan aka samu ƙa'idojin da suke bayyana wane asiri ne ke rinjaye idan biyu suka yi karo.

A ɗauki misalin Kankiya da Kusada, waɗanda suke tsakiyar Jihar Katsina, a kan hanyar da ta haɗa birnin Katsina da na Kano, kuma Kusada ta yi iyaka da ƙasar Kano. Yanki ne na manoman gero da dawa da gyaɗa, da Fulani makiyaya, da mahauta, da maƙera, da mafarauta. A irin waɗannan garuruwa lokacin wasa shi ne kaka, bayan an kai amfani gida. A lokacin ne 'yan dambe, waɗanda asalinsu mahauta ne, suke bin ƙauyuka da makaɗansu, samarin manoma suke kokawa a dandali, mafarauta kuma suke shirin shiga daji da rani. Kasancewar yankin mararraba ya sa ɗan wasan gida yana yawan gamuwa da baƙo wanda ba a san inda ya sha maganinsa ba.

Tushen asiri uku ne a ƙasar Hausa. Na farko shi ne boka, mai aiki da sassaƙe da saiwa da ganye da sassan dabbobi. Na biyu shi ne bori, inda ake neman taimakon iskoki ta hanyar yanka da kiɗa da girka. Na uku shi ne malamin tsibbu, mai rubutun sha da hatimi da laya. Daga waɗannan hannuwa ne mazaje suke samun abubuwan da sunayensu suka shahara: tauri, wanda aka yi imani yana hana ƙarfe cin jiki, sagau, mai sandarar da hannun wanda ya ɗaga makami, kau-da-bara, mai karkatar da kibiya ko harsashi, baduhu da layar zana, masu ɓoye mutum daga idon mai nemansa, da shashatau, mai ɗauke hankalin abokin gaba. Ana ɗaura su a damtse a matsayin kambu, ko a ƙugu a matsayin guru, ko a sha, ko a yi wanka da su, ko a tsaga fata a shafa.

Ƙa'ida ta farko a karon asiri ita ce iyaka. Kowane magani yana da abin da aka yi shi dominsa, kuma ba ya wuce nan. Tauri maganin ƙarfe ne, saboda haka a wurin masu shi wuƙa za ta lanƙwashe a cikin ɗan tauri, amma gora da dutse da fasasshiyar kwalba ba ruwansu da shi. Wannan ne dalilin da ya sa, idan rikici ya ɓarke tsakanin ƙungiyoyin mafarauta a kan wanda ya fara bugun nama, gora ce take raba gardama fiye da wuƙa. Layar zana ma tana da tata iyakar: mai ita sai ya raɓe jikin zana ko bango, ya daina motsi, ya kama bakinsa.

Ƙa'ida ta biyu ita ce sharaɗi. Ba a shiga makewayi da laya mai ɗauke da rubutu, ba a kusantar iyali da guru a jiki, ba a barin wani ya tsallaka kayan da aka ajiye. Wanda ya karya sharaɗi ya karya maganinsa da hannunsa. Abokin gaba mai wayo ba ya buƙatar asirin da ya fi na wancan ƙarfi, abin da yake nema kawai shi ne ya san sharaɗin, sannan ya sa a keta shi. Shi ya sa mazaje suke ɓoye sirrinsu ko ga na kusa da su, kuma ɗan dambe ba ya cin abincin da bai san hannun da ya fito ba idan wasa ya matso.

Ƙa'ida ta uku ita ce makari, wato maganin da aka haɗa musamman don ya warware wani. A shaɗi ana ganin wannan sosai: saurayin da zai karɓi duka yana shan maganin da zai kashe masa zafi, mai dukan kuma yana yi wa tsumagiyarsa nata haɗin don ta ratsa, sannan a ranar ramuwa su musanya matsayi. Ko maita, wadda ake ɗauka ta fi kowane sihiri ban tsoro, an ba ta mafita, domin an yi imani cewa idan maye ya tsallaka wanda ya kama, kurwarsa za ta dawo.

Ƙa'ida ta huɗu ita ce daraja, wadda karin maganar nan ta taƙaita: gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Idan magani biyu iri ɗaya suka haɗu, ana cewa na wanda ya gada ya fi na wanda ya saya, na tsohon hannu ya fi na sabon shiga. Bori ya fi kowane fanni tsara wannan daraja. Iskoki suna da birninsu, Jangare, da sarkinsu, Sarkin Aljan Sulemanu, da gidaje da muƙamai irin na fadar Hausa. An kasa su farfaru da babbaƙu, kuma kowanne yana da takensa a garaya ko goge, da launin tufafinsa, da dabbar da ake yanka masa. Malam Alhaji malami ne mai son fararen kaya, Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai kyauta da caca, Sarkin Rafi mai zafin kai ne. Mutum ɗaya yana iya zama dokin iskokin da halayensu suka saɓa, saboda haka makaɗi ne yake kiran su bi da bi, ɗaya ya sauka da atishawa kafin wani ya hau.

Labari mafi daɗewa a ƙasar Katsina game da karon asiri shi ne na Korau da Sanau. Ruwayar baka ta ce Sanau, sarki na ƙarshe daga zuriyar Durɓawa, gwanin kokawa ne wanda ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba saboda wata laya da yake ɗaurawa. Korau, ɗan kokawa daga 'Yandoto, ya sami sirrin ta hannun matar Sanau, aka raba sarki da layarsa, suka kama a gindin tsamiyar da ake kira Bawada, Korau ya kayar da shi ya yanka shi. Takobin da ake dangantawa da wannan aiki, Gajere, yana cikin kayan sarautar Katsina har yau, kuma masana tarihi suna sanya mulkin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, a matsayin sarki Musulmi na farko. Abin lura shi ne labarin bai ce Korau ya fi Sanau ƙarfi ba. Ya ci nasara ne ta ƙa'ida ta biyu, sanin sirri da keta shi.

Shigowar Musulunci ta kawo sabon tushen ƙarfi wanda ya zauna tare da na da, wani lokaci ma suka cakuɗe. Tarihin Kano ya ambaci Dirki, abin da aka haɗa a zamanin Sarki Muhammadu Zaki (1582 zuwa 1618), lokacin da yaƙe-yaƙe tsakanin Kano da Katsina suka yi tsanani. Alƙur'ani ne aka naɗe da fatu, ana yi masa yankan shanu. Sarki Alwali, na ƙarshe a sarakunan Haɓe na Kano, ya sa aka fasa shi, mutane kuma suka ɗauki korar da masu jihadi suka yi masa a 1807 a matsayin sakamakon fasa shi. A fagen ilimi kuwa, ƙasar Katsina ta fitar da Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi fice a lissafi da ilimin taurari da na hatimi. Ya rubuta Bahjatul Afaƙ a kan ilimin haruffa da hatimai a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A hannun irinsa, tsara hatimi ya zama aiki mai ƙa'idojin lissafi, inda kowane layi na gidajen hatimin sai ya ba da jimla ɗaya.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804, ya sauya matsayin waɗannan abubuwa. A littattafansa, irin su Nurul Albab, Shehu ya yi hani da yanka ga itatuwa da duwatsu da bugun ƙasa. Bayan Katsina ta koma hannun Malam Ummarun Dallaje a 1807, gidan sarautar Haɓe ya ƙaura arewa ya kafa Maraɗi, inda bori ya ci gaba da samun wuri a fada. A ƙasar da ke ƙarƙashin tutar Sakkwato kuwa ya koma hannun mata da Maguzawa da mutanen ƙauye, kuma Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji, wato malamai mata, suke kai karatu ga matan karkara. Sai dai wasannin maza ba su mutu ba. Abin da ya faru shi ne layar malam ta ƙara daraja a kan ƙullin boka, har ɗan dambe ya riƙa haɗa su biyun a damtse ɗaya.

A ƙarni na 20 hukuma ta shigo cikin maganar. Dokar Final Kod ta Arewacin Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1960, ta haramta shari'a ta hanyar gwajin tsafi, da iƙirarin maita, da riƙe laya don aikata laifi. Ƙungiyar Izala, wadda Shaihu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, ta tsananta wa'azi a kan bokaye da 'yan tsibbu, sannan Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙira a 1987, ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000. A cikin wannan ƙarni ne kuma makaɗan maza, irin su Ɗan Anace mawaƙin ɗan dambe Shago da Kassu Zurmi mawaƙin 'yan tauri da mafarauta, suka yaɗa sunan jarumai ta rediyo da kaset. Dambe ya tashi daga dandalin kaka ya koma gidajen da ake biyan kuɗin shiga, da ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramaɗa, da alƙali mai usur, da turmi uku. Ana barin kambu a damtse, amma ana duba naɗin hannu don kada a cusa abin da zai yi rauni. A Nijar, gasar kokawa ta Takobi da aka fara a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya fara lashewa, ta bar 'yan kokawa suna shiga fili da layunsu a gaban kowa, amma dokar alƙali ce take tabbatar da kaye.

Irin wannan tsari yana da makamanci a wasannin tebur na ƙasashen Turai da Amurka. A wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, 'yan wasa suna zama kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin jarumi ko matsafi a cikin labarin da jagoran wasa yake warwarewa. Bugun 2014 na dokokinsa ya tanadi cewa doka ta musamman tana rinjayar ta gama-gari, sihiri iri ɗaya ba ya ninkuwa a kan mutum ɗaya sai dai mafi ƙarfi ya yi aiki, kuma akwai sihirin da aikinsa kawai warware wani. Iyaka da makari da daraja ke nan. Bambancin shi ne can almara ce da kowa ya san almara ce, an rubuta dokokinta a littafi, a nan kuwa dokokin suna cikin kan dattawa, kuma jini da rai ake sawa.

Waɗannan ƙa'idoji huɗu na karon asiri ne suka raya imani da shi tsawon ƙarnuka, domin sun tanadi amsa ga kowace faɗuwa. In mai tauri ya yanku, sai a ce ya keta sharaɗi, ko an samo makarinsa, ko ya gamu da gabansa, ba a cewa maganin ne ba ya ci. Wannan tunani yana da tsada a yau, lokacin da matsalar tsaro ta sa 'yan sa-kai da mafarauta da dama a Jihar Katsina suke dogaro da maganin bindiga, kuma jaridu sun sha kawo labarin waɗanda suka mutu wurin gwada shi. Ta fuskar tarihi kuwa, ƙa'idojin suna ɗauke da ilimin itatuwa, da tsarin sarautun sana'a irin su Sarkin Dambe da Sarkin Dawa da Sarkin Bori, da hoton yadda Musulunci ya yi ta gogayya da al'adun da ya tarar. Mafi yawan wannan ilimi bai shiga takarda ba, kuma masu riƙe da shi a garuruwa irin su Kankiya da Kusada tsofaffi ne. Aikin tattara shi yana kan Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da sassan nazarin Hausa na jami'o'in jihar, tun masu shi suna raye.