Layin Waya, NIN da BVN: Abin da Ya Kamata Ɗan Arewa Mazaunin Kudu Ya Sani

A karar shanu ta Oko-Oba da ke Agege, bayan tambayar farashin bijimi, babu tambayar da ta kai ta layin waya yawa. Da yake na yi sakandare kuma ni ke riƙe wa mahaifina lissafi, duk wanda aka rufe wa layi ko banki ya riƙe masa kuɗi sai a ce ya nemi yaron Alhaji. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na ga gara in tara amsoshin wuri guda, ko ɗan'uwa na Mile 12 ko Sabon Ibadan ko Lokpanta zai amfana.

Abu uku ne mutanenmu ke haɗawa su kira su da suna ɗaya, alhali kowanne da mai shi. NIN lambar shaidar ɗan ƙasa ce, hukumar NIMC ke bayar da ita, hukumar da aka kafa da dokar 2007. BVN lambar banki ce, Babban Bankin Najeriya ya fito da ita a Fabrairun 2014, domin ko asusu goma gare ka a san mutum ɗaya ne. Dukkansu lambobi 11 ne, nan ruɗanin ya samo asali. Na uku shi ne layin waya, wanda hukumar sadarwa ta NCC ke sa wa ido. In ka manta NIN ɗinka, danna *346# a layin da ka yi rajista da shi. BVN kuwa *565*0# ne. Ana cire ɗan kuɗi kaɗan daga katinka. Yin rajistar NIN karon farko kyauta ne a hukumance, ko da yake kowa ya san abin da wasu masu rajistar gefen titi ke karɓa da sunan kuɗin mai na janareta. Ɗan'uwanmu na Nijar ko Chadi da ke da takardar zama ta halal shi ma doka ta ba shi damar yin NIN.

A da kowanne zaman kansa yake yi. A Disambar 2020 ne gwamnati, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, ta ce dole kowa ya haɗa layinsa da NIN, har aka dakatar da sayar da sabon sim zuwa Afrilun 2021. An yi ta ƙara wa'adi. A ranar 4 ga Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, sama da layi miliyan 70. A ƙarshen Yulin 2024 aka sake rufe wasu, mutane suka yi cincirindo a ofisoshin kamfanonin waya har NCC ta ce a buɗe, sannan ta sa 14 ga Satumbar 2024 a matsayin ranar ƙarshe. Ta ɓangaren banki ma, a Disambar 2023 Babban Banki ya ce kowane asusu, har da irin na OPay da PalmPay da Moniepoint, sai an jingina shi da BVN ko NIN, manyan asusu kuma sai da duka biyun. To ka ga yanzu igiya ɗaya ce ta ɗaure ukun. In ta tsinke ta gefe guda, sauran ma sai sun ji a jikinsu.

Me ya sa abin ya fi cizon mu mazauna Kudu? Suna. Wallahi yawancin matsalar da ake kawo mini ba ta wuce suna da ranar haihuwa. Mutum ya buɗe asusu a Gusau da Muhammadu Sani, ya zo Legas ya yi NIN wurin yarinyar da ba ta taɓa jin sunan Bahaushe ba, ta rubuta Mohammed Sanni. Wani a banki sunan mahaifinsa ya bayar, a NIN kuma sunan garinsu. Shu'aibu ya koma Suaib, Ɗanladi ya koma Dalandi. Dattawanmu da yawa ba su da takardar haihuwa, sai mai rajista ya dubi fuska ya yanka musu shekara, ya sa 1 ga Janairu. A banki an yanka wata, a NIN an yanka wata. Kwamfuta kuwa ba ta san Mamman da Muhammadu mutum ɗaya ba ne, kuma ba a yi mata rantsuwa. Gyaran suna ana biyan kuɗi, gyaran ranar haihuwa ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma yana ɗaukar lokaci. Saboda haka kafin mai rajista ya tura bayananka, ka sa wanda ya iya karatun boko ya duba harafi bayan harafi, ya gwada da abin da ke banki. Minti biyar ne, amma yana raba ka da zirga-zirgar wata uku.

Na biyu shi ne layin aro. A kara akwai dillalan da suka shekara goma da layi, duk fataken Arewa da mahautan Legas da shi suka san su, amma da sunan wani yaro aka yi masa rajista, yaron da ya koma gida tuntuni ko ma ya rasu. Muddin wayar na aljihu babu wanda zai lura. Ranar da ta faɗi ko aka sace ta, ka je a dawo maka da layi, sai a ce mai layin ya zo da kansa a ɗauki fuskarsa ko yatsansa. A idon kamfani ba kai ne mai shi ba, ko da kai ka sa masa katin dubu ɗari. Haka nan wanda ya ba wani NIN ɗinsa ya yi rajistar layi don kunya ko zumunci, ya sani duk abin da aka aikata da layin nan, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 ba a yi musu rajistar layi da sunansu, don haka uban da ya yi wa ɗansa, shi ke da alhaki. Lambar *996# tana nuna maka matsayin layinka game da NIN, kuma kana da damar zuwa ofishin kamfani ka tambayi layukan da ke kan sunanka, ka sa a cire wanda ba ka sani ba.

Akwai kuma abin da mutanenmu masu tafiya gida noma ba su cika lura da shi ba. Layin da ya yi wata shida ba a kira ba, ba a sa kati ba, ba a sayi data ba, kamfani na iya rufe shi, in zaman ya ƙara tsawo a sayar wa wani. Banki kuwa bai san an sayar ba. Alat ɗinka zai ci gaba da zuwa wayar baƙo, yana ganin abin da ya shiga da abin da ya fita. In ka bar layi, je banki ka canza lambar da ke kan asusunka da BVN ɗinka. In kuma kana son layin, ko sau ɗaya a wata ka yi kira da shi.

Ra'ayin jama'a a kan wannan tsari ya rabu, kuma ina jin kowane ɓangare kullum a rumfar mai shayi. Akwai masu cewa alheri ne. Hujjarsu ita ce a da falke kan ɗaure miliyoyi a ƙugu daga Legas zuwa Maigatari ko Illela, 'yan fashi na jiransa a hanya, yanzu kuwa turansfa ce, ya hau mota da kuɗin abinci kawai. Wannan gaskiya ne, ba mai musu. Su kuma dattawa irin su Baba ba su manta farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi na Emefiele, da aka sauya 200 da 500 da 1000 takardar kuɗi ta ɓace. Mahauci zai ce ya tura, alat bai shigo ba, ga saniya an riga an kai ta mayanka. Bafulatanin da ke daji kuma ya ce shi ba ya sayar da dabbarsa da saƙon waya. Sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a ranar 3 ga Maris 2023 ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Tun daga nan, in ka ce wa dattijo gwamnati ta fito da sabon tsarin waya don amfaninsa, sai ya yi murmushi kawai.

Ɓangare na uku su ne masu tambayar da ni ma nake yi: an ce don tsaro aka yi, to ina tsaron? Duk mai ɗan'uwa a Zamfara ko Katsina ya san har gobe da waya ake kira a nemi kuɗin fansa. A Satumbar 2021 ma sabis ɗin aka kashe gaba ɗaya a Zamfara, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka rufe kasuwannin dabbobi na mako. Mu da ke Kudu makonni muka yi ba mu ji muryar gida ba, ba a aika kuɗi, ba a san wanda ya rasu ba sai direban tirela ya iso da labari. Ni a ganina rajistar ba laifi ba ce, ƙasa ba ta zama ba a san mutanenta ba. Amma talaka ya yi nasa, ya sha rana a layi, ya ba da yatsa da fuska. Saura hukuma ta nuna abin da ta yi da su.

Nan ne maganar haƙƙi ta shigo, kuma nan ne mutanenmu suka fi ƙarancin labari. A Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. A taƙaice dokar cewa ta yi bayananka naka ne: suna, hoto, lamba, zanen yatsa, adireshi. Wanda ya karɓa dole ya faɗa maka dalili, kuma kada ya yi wani aikin da su daban. Kana da ikon tambayar abin da aka ajiye a kanka, ka sa a gyara kuskure, ka janye amincewar da ka bayar, a wasu halaye ma ka ce a goge. In an ƙi, ka kai ƙara hukumar. Manhajojin bashin nan da ke kwashe lambobin wayarka su tura wa surukinka da limaminku saƙo cewa kai ɓarawo ne saboda dubu goma, abin da suke yi ya saɓa wa doka, kuma hukumar kare masu saye ta FCCPC tana karɓar irin wannan ƙorafi. Bashin dai sai ka biya, wannan daban, amma tozarci ba ya cikin yarjejeniya. Ita FCCPC ɗin ce a Yulin 2024 ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

Sai dai dokar a takarda ta fi ƙarfi. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100, ita kuma NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko ta ina ya zuba, ya dai zuba. Wani zubin kuma mu ne da hannunmu. A 2025 EFCC ta yi gargaɗi kan matasan da ke bi suna sayen NIN da BVN na mutane a kan 1,500 zuwa 2,000, su sayar a buɗe asusun damfara da su. Irinsu na shigowa kasuwanni da tashoshi da sunan tallafi ko rabon shinkafa, su ce kawo lambarka a ɗauke ka hoto. 'Yan dako da masu tura baro da 'yan acaba su suka fi faɗawa, don dubu biyu kuɗi ce ga wanda bai karya ba. Ranar da aka bi sawun kuɗin sata, sunan wannan bawan Allah za a gani, kuma mu da ke zaune a garin wasu mun san yadda laifin mutum ɗaya ke zama na Hausawa duka. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai ya kamata su riƙa faɗin wannan bayan sallar Juma'a, don ba kowa ke karanta irin wannan rubutu ba.

Game da ƙorafi kan kamfanin waya, ka fara da kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafi ka ajiye. In ba su yi komai ba, kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne. Saƙonnin talla da suka dame ka, tura STOP zuwa 2442. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirrinka ko lambobin da aka turo maka ta saƙo, ko da mai kiran ya faɗi cikakken sunanka da BVN ɗinka, ko da da Hausa ya yi maka magana, don yanzu 'yan damfara sun gane mun fi sakin jiki da wanda ya yi mana sallama. A wurin mai POS kuma, kai za ka danna lambarka da hannunka, kada ka faɗa da baki a cikin taro.

Ka sa wa sim ɗinka kansa makulli, ba allon waya kaɗai ba. Ɓarawon waya a Oshodi ba wayar ce ta fi damunsa ba, sim ɗin yake cirewa ya sa a wata wayar ya nemi hanyar asusunka. In akwai makulli, kuskure uku sim ɗin ya kulle sai da lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, don haka a adana katin nan a gida. In an sace waya, banki ake fara rufewa kafin layi. Yawancin bankuna suna da lambar da za ka danna a wayar kowa ka dakatar da asusunka nan take, kuma kowane banki da tasa. Ka tambayi taka tun yau, ka rubuta ta a takarda tare da lambar asusunka, ka sa a aljihun da ba na waya ba.