Kafin gashi ko bayan gashi? Tsohuwar rigimar masu ƙera wuƙa

1/ Jama'a ku matso. Masu yanka wuƙa da injin CNC har yau suna musu: a fitar da siffar wuƙar tun ƙarfen yana da laushi, ko sai an gasa shi ya yi tauri? Musun nan ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

2/ Gashin shi ne a sa ƙarfe a wuta ya yi jawur, wajen digiri 800, a tsoma shi a mai ko ruwa. Ya yi tauri kam, amma magagari ya daina cinsa. Kuma in bakin wuƙar ya yi siriri kafin tsomawar, sai ya karkace ko ya tsage. Duk maƙerin da ke bakin zugazugi ya san wannan.

3/ Shi ya sa a da hanya ɗaya ce: a ƙera, a bar bakin da kauri, a gasa, sannan a kai wa dutsen wasa wuƙa ya ƙarasa.

4/ To a nan fa aka ci rayuka. A Sheffield ta Ingila, cibiyar wuƙaƙe a ƙarni na 19, masu wasawa kan wuni a sunkuye kan ƙaton dutse mai juyawa, suna shaƙar ƙurar dutse da ta ƙarfe. Masu wasa a bushe, ba ruwa, su suka fi shan wuya. Da yawansu ba sa kai shekara 40. Wani lokaci dutsen ma ya tarwatse ya kashe mutum nan take. Wuƙar cin abincin masu kuɗi kenan fa.

5/ Sauyi ya zo a hankali. A baje kolin Paris na 1900, Taylor da White na Amurka sun nuna wani ƙarfen yanka da ke ci gaba da aiki ko ya yi zafi jawur. A shekarun 1920 kamfanin Krupp na Jamus ya fito da kabaid. A 1952 jami'ar MIT ta nuna injin da ke bin umarnin lambobi daga tef mai huji, kakan CNC.

6/ A 1957 Robert Wentorf na General Electric ya haɗa CBN, mai bin lu'ulu'u a tauri. Lu'ulu'un kansa ba ya jituwa da ƙarfe in zafi ya yi yawa, cinyewa yake.

7/ Yanzu ana iya yanka gasasshen ƙarfe. Sai dai bakin injin yana saurin mutuwa, aiki na tafiyar hawainiya, kuma in zafi ya yi yawa bakin wuƙar ya koma shuɗi, taurin ya tafi.

8/ Don haka yawanci ana raba aikin: huji da siffa da babban yanka kafin gashi, a bar ɗan kauri a baki, bayan gashi a wasa a hankali ruwan sanyaya yana zuba. Tsarin Sheffield ne sak, a ganina. Sai dai yanzu ƙurar ruwa take bi, mai aikin yana tsaye bayan gilashi.