Abin da ya sa kwamfuta ke sandarewa idan manhajojin wasa suka haɗu da na auna zafi, da yadda ake gano mai laifi

Ana tsaka da wasan bidiyo sai hoto ya tsaya cak, sauti ya riƙa maimaita kansa, linzami ya daina motsi, har sai an danne maɓallin kashewa da ƙarfi. Mafi yawan masu kwamfuta kan ɗora laifin a kan na'urar, su nufi wurin mai gyara su sayi sabon RAM ko su sauya katin hoto. Sau da dama kuwa kayan cikinta lafiyarsu ƙalau. Matsalar ita ce manhajoji biyu ko uku, kowacce mai amfani idan tana ita kaɗai, sun yi karo a ƙofa ɗaya a can ƙarƙashin Windows.

Su wane ne ke faɗan

Rukuni uku ne. Na farko manhajojin sa ido kan lafiyar na'ura, masu nuna zafi da gudun fanka da ƙarfin lantarki, irin su HWiNFO da AIDA64 da MSI Afterburner, tare da na kamfanoni masu sarrafa fanka da fitilu kamar iCUE na Corsair da Armoury Crate na ASUS. A wuraren da zafi ke tsananta daga Maris zuwa Mayu, kuma ƙurar hunturu ke toshe fanka, kamar arewacin Najeriya da Nijar, girka irinsu ba kwalliya ba ce.

Na biyu manhajojin hana maguɗi da ke zuwa tare da wasannin intanet: Vanguard na kamfanin Riot Games, da Easy Anti-Cheat, da BattlEye. Na uku kuma masu ɗora rubutu ko hoto a saman wasa, kamar RivaTuner Statistics Server da ke tafiya da Afterburner, da na Discord da Steam da Xbox Game Bar.

Inda ake karon

Windows ya raba iko hawa biyu. Manhajoji na yau da kullum suna aiki a hawan sama, inda idan ɗaya ta faɗi, ita kaɗai za ta rufe. A ƙasa kuma akwai cibiyar tsarin, inda ƙananan manhajojin da ake kira direbobi ke magana da na'urori kai tsaye. Kuskure a cibiya ba ya tsayawa kan mai shi. Kwamfutar gaba ɗaya yake kayarwa. Duniya ta ga misalin haka a ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, ya tsayar da jirage da bankuna.

Manhajar auna zafi ba za ta iya karanta na'urorin aunawa ba sai ta sauka cibiya da direbanta. Yawancin bayanan fanka da fitilu da zafin RAM suna bi ne ta wata siririyar hanya a jikin babban allon kwamfuta mai suna SMBus, ko ta wata ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke kula da fanka da batir. Hanyar ba ta ɗaukar masu tambaya biyu a lokaci guda. Masu rubuta wasu daga cikin manhajojin sun amince da wata ƙa'ida ta bin layi, amma ba kowa ne ke mutunta ta ba. Idan biyu suka kutsa tare, sai a ga alkaluman zafi na shirme, ko fitilu su rikice, ko kwamfutar ta riƙa cijewa na daƙiƙoƙi, ko ta sandare ɗungurungum.

Ita kuma manhajar hana maguɗi an gina ta ne don ta zargi duk wanda ya taɓa ƙwaƙwalwar wasa ko ya shigo cibiya da direba mai rauni. Masu ɗora rubutu a saman wasa kuwa aikinsu ke nan: su cusa kansu tsakanin wasan da katin hoto. Idan uku suka cusa kai a wuri ɗaya, dambu ya yi yawa, ba ya jin mai.

Abin da ya taɓa faruwa

Da aka fara gwajin wasan Valorant a Afrilun 2020, Vanguard, wadda direbanta ke tashi tun lokacin kunna kwamfuta, ta toshe direbobin wasu manhajojin auna zafi da sarrafa fanka. 'Yan wasa sun yi ta ƙorafi, daga baya Riot ya sassauta, ya kuma ba da damar kashe ta, bisa sharaɗin sai an sake kunna kwamfuta kafin a yi wasan. A Mayun 2024 aka faɗaɗa ta zuwa League of Legends.

Zargin da ake yi wa waɗannan direbobi yana da tushe. An gano rauni a RTCore64.sys, direban MSI Afterburner, a 2019, kuma a Oktoban 2022 kamfanin Sophos ya bayyana cewa gungun masu garkuwa da bayanai na BlackByte sun yi amfani da shi wajen makantar da manhajojin tsaro. A Maris ɗin 2025 Microsoft Defender ya fara kama WinRing0, tsohon direban da Fan Control da OpenRGB da LibreHardwareMonitor suka dogara da shi, a matsayin abin haɗari.

Masu hana maguɗin ma ba su tsira ba. A Agustan 2022 Trend Micro ya ruwaito cewa masu kutse sun yi amfani da direban hana maguɗi na wasan Genshin Impact wajen kashe manhajojin kariya. Bayan fitowar Windows 11 samfurin 24H2 a Oktoban 2024, Microsoft ya dakatar da tura shi zuwa wasu kwamfutoci masu tsohon Easy Anti-Cheat saboda suna faɗuwa da shuɗin allo. A Oktoban 2023 kuma wata fasahar AMD mai suna Anti-Lag+ ta jawo an haramta wa wasu shiga Counter-Strike 2, har kamfanin ya janye direban.

Yadda ake gano mai laifi

Matakin farko shi ne tantance irin sandarewar. A danna Caps Lock: idan fitilarsa tana kunnuwa tana mutuwa, Windows yana raye, wasan ko direban hoto ne ya maƙale. A nan haɗa maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B kan farfaɗo da direban hoto. Idan fitilar ba ta amsa ba, matsalar ta kai cibiya ko ta shafi na'ura.

Na biyu, a duba bayanan da Windows ke ajiyewa. Rubuta perfmon /rel a akwatin Run yana buɗe jadawalin faɗuwar manhajoji rana bayan rana, inda za a iya ganin ko matsalar ta fara ne ranar da aka girka wani abu. A Event Viewer, lamba 4101 na nufin katin hoto ya daina amsawa fiye da daƙiƙa 2 har Windows ya sake tayar da direbansa. Lamba 41 kuwa tana shaida cewa kwamfutar ta mutu ba bisa ƙa'ida ba ne kawai, ba ta faɗin dalili. Idan an ga shuɗin allo, fayilolin da ke cikin C:\Windows\Minidump kan ambaci sunan direban da ya faɗi.

Na uku, a tayar da kwamfutar babu baƙin manhajoji. A buɗe msconfig, a ɓoye hidimomin Microsoft, a kashe sauran, a kashe masu tashi da kansu a Task Manager, sannan a sake kunnawa a gwada wasan. Idan sandarewar ta tafi, sai a riƙa dawo da rabin abin da aka kashe a kowane zagaye har a ware mai laifi. Rufe tagar manhaja bai wadatar ba, domin direbanta kan ci gaba da zama a cibiya. Wani lokaci sai an cire ta gaba ɗaya an sake kunnawa.

Sauyi ɗaya ake yi a kowane gwaji. Wanda ya sauya abu uku lokaci guda, ko da ya dace, bai san abin da ya warkar ba.

Gyara da rigakafi

Manhaja ɗaya ta isa ga kowane aiki: ɗaya ta auna zafi, ɗaya ta kula da fanka da fitilu, ɗaya ta ɗora rubutu a kan wasa. A saitunan HWiNFO akwai inda ake hana ta taɓa SMBus ko ƙwaƙwalwar fanka, ana kuma iya tsawaita tazarar karatunta. A RivaTuner ana iya cire wasa guda daga cikin waɗanda take shiga. A mayar da duk wani ƙarin gudu da aka yi wa katin hoto zuwa asalinsa, a sabunta manhajojin daga shafukan masu su, domin akwai jabun shafukan Afterburner da aka kama suna raba manhajojin satar bayanai.

Akwai shawarar da ke yawo a intanet cewa a kashe Memory Integrity ko jerin direbobin da Microsoft ya haramta domin tsohuwar manhaja ta yi aiki. Yin haka buɗe ƙofar da BlackByte suka bi ne. Ga ɗan jarida ko ɗan fafutuka da ke wasa a kan kwamfutar da yake ajiye takardu da sunayen majiyoyinsa, kowane direba da ya amince wa ya sami iko a kan duk abin da ke cikinta.

Idan an yi duk wannan kuma sandarewar ba ta daina ba, sai a koma kan na'ura: a share ƙurar fanka, a gwada RAM da MemTest86, a duba caja ko akwatin wuta, musamman inda lantarki ke hawa da sauka. A lokacin ne zuwa wurin mai gyara ke da ma'ana, kuma mai kwamfutar zai je da bayanin abin da aka riga aka gwada.