Bajon Intanet da Ijazar Zaure: Wa Zai Shaidi Malamin Jami'a? Nazari Daga Birnin Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta auna bajon intanet, wato lambar shaidar da jami'o'i ke ba malamin da ya tsara darasin karatu daga nesa, da ma'aunin ijazar malaman zaure na birnin Zariya. Ta gano cewa sigarsu kusan ɗaya ce, sai dai bajon yana iya fita babu hujja, ijaza ta ƙwarai kuwa ba ta tsayuwa sai da sunan wanda ya saurara.

1.0 Gabatarwa

A 2011 gidauniyar Mozilla ta fito da tsarin Open Badges, wanda ya koma hannun ƙungiyar IMS Global a 2017. Bajon ɗan hoto ne, amma a cikinsa akwai sunan mai bayarwa, da wanda aka ba, da sharuɗɗan samu, da ranar bayarwa. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da cibiyar karatu daga nesa, kuma dokar hana wariyar masu buƙata ta musamman, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba makaho da kurma haƙƙin ilimi ba tare da bambanci ba. To, idan aka tashi karrama malamin da ya sauke wannan haƙƙi, wa zai shaide shi?

2.0 Waiwaye

Wasu na ganin bajon wasan yara ne. Ba sai an ja da su ba, domin kowace shaida alama ce, har takardar digiri.

Jayayyarmu da ɗaya ɓangaren ce, masu cewa bajon yana zaburar da malamai, don haka a yawaita shi. A wurinsu, malami ya halarci bita ta kwana biyu, ya sa hannu a rajista, sai bajo ya faɗo masa a imel. Wannan shaidar zama ce, ba ta aiki ba. Sun manta cewa ƙarin girma a jami'o'inmu ya fi rataya ga wallafa maƙaloli, don haka malamin da ya kwana yana gyara darasi saboda ɗalibi ɗaya makaho yana yi ne don Allah. Ba shi bajo iri ɗaya da wanda ya zo bita ya yi gyangyaɗi zalunci ne.

3.0 Hanyar Bincike

An jera sassan bajon gefe da gefe da sassan ijaza, bisa abin da ke cikin Asanidul Faƙir na Shehu Usmanu da Ida'un Nusukh na Abdullahi ɗan Fodiyo, da kuma yadda ake ɗaukar karatu a zaurukan unguwannin Juma da Kona na birnin Zariya.

4.0 Sakamako

Bayan sallar asuba ɗalibi zai gurfana gaban malam ya buɗe Ishmawi ko Risala. Ya ja baƙi, malam ya fassara. Ya karkatar da wasali, malam ya ce, "Sake, ɗana." Ba a yi masa ƙari sai ya biya na jiya. Idan an ba shi ijaza, za ta faɗi littafin da ya karanta, da wanda ya karanta a gabansa, da wanda shi ma malamin ya karɓa daga gare shi. Abu uku ke nan: aiki takamaimai, da mai saurare mai suna, da silsilar da za a iya bi. Makaho ma yana zama a wannan da'ira ya ɗauka da kunne, domin murya ce jigon karatun.

Tsarin bajon yana da gurbin hujja, inda ake liƙa aikin da mutum ya yi, amma cike shi ba dole ba ne. Nan gizo ke saƙa.

A duba abin da ke faruwa kullum. Malami ya ɗauki takardar laccarsa hoto da waya ya tura zauren WhatsApp na ajin. Mai gani zai buɗa yatsu ya ƙara girman rubutun. Makaho kuwa sau da yawa manhajar da ke karanta masa allon waya da murya za ta sanar da shi ne kawai cewa hoto ya shigo, sai ya jira abokin da zai karanta masa. Bidiyo ya zo babu rubutun magana a ƙasa, kurma ya kalli leɓe yana motsi. Ƙa'idojin WCAG na 2008, na sauƙaƙa intanet ga masu buƙata ta musamman, sun tanadi maganin duka biyun: kowane hoto a yi masa bayani a rubuce, kowane bidiyo mai magana a bi shi da rubutu. Amma malami yana iya haddace ƙa'idojin ya ci jarrabawar bita, darasinsa yana nan a kulle.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka maƙalar ta kafa sharuɗɗa uku. Na farko, a ba da bajo a kan kwas guda mai suna, kamar yadda ijaza ke ambaton littafi. Na biyu, gurbin hujja ya zama tilas, kuma a cikinsa a samu shaidar ɗalibi makaho ko kurma da ya bi darasin da wayarsa daga farko har ƙarshe ba da ɗan jagora ba, a biya shi ladan aikinsa. Na uku, kwamitin ƙarin girma ya ba bajon maki.

5.0 Iyakokin Bincike

Gaskiya ne nazarin bai ƙirga ra'ayin malamai ba, kuma zaure bai yi wa kurma tanadin da ya yi wa makaho ba. Haka nan an sha ba da ijaza a dunƙule ga wanda bai zauna ya karanta ba. Wannan dai bai rushe hujjar ba, domin malamai da kansu sun fifita wadda aka samu ta hanyar saurare.

6.0 Kammalawa

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da Kongo ba ta buƙatar ƙetare teku neman ma'auni, yana nan bayan Ƙofar Doka, a zaurukan cikin birni. A tambayi kowane bajo abin da ake tambayar mai ijaza: me ka karantar, kuma wa ya saurare ka ya ce ya fahimta?